Gorar Laburaren Tilford

Duluth, Minnesota
6 ga Mayu, 1985

Zuwa ga taubashina Merle Sedlacek,

Ina mai sanar da kai, da gwamnan Nebraska, da duk wanda abin ya shafa, cewa wata sanda mai tsawon inci talatin da huɗu da ke kwance cikin akwatin gilashi a laburaren garin Tilford tawa ce. Na yi wannan sanarwa ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta mini.

Bayan haka, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya Ardith, yaya yara? Yaya gwiwar da ka ce a katin Kirsimeti tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa? Ni lafiya lau, sai dai likita ya hana ni gishiri, kuma har yau sanyi bai sake mu ba ko da yake kalanda ta rantse Mayu ne.

Ka san jaridar gida tana iso ni ta gidan waya kowane mako, kwana biyar bayan kowa ya karanta ya hura wuta da ita. Ina duba ta ne don in san wa ya mutu. A ta makon jiya sai na ga fuskarka ta cinye rabin shafi. Wai ranar 14 ga Satumba za a sa wa filin ƙwallon gora na gari sunanka, don cikar shekara talatin da kakar wasan 1955. Kuma wani akawu a Omaha, wanda da alama matarsa ba ta ba shi aiki a gida, ya jera mutum goma da suka fi kowa ƙarfin bugu a gasarmu a waccan shekara. Kai ne a sama: ka tsallakar da ƙwallo bayan katanga sau hamsin da ɗaya. Ignacio Barragan arba'in da huɗu. Cleon Whitsett arba'in. Na goma wani ne mai ashirin da biyu, wanda na tuna shi sarai, don iska ce ta buga masa rabinsu. Na karanta jerin daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, ko an ajiye ni a wani lungu.

Babu ni. Sha tara ba ta isa ba. Akawun bai ga dalilin faɗin cewa a wasa arba'in da huɗu kacal na yi sha taran nan ba, kafin ƙwallo ta karya mini wuyan hannu ranar 12 ga Yuni. Ni malamin tarihi ne, lissafi ba nawa ba ne, amma na roƙi malamin lissafin makarantarmu ya duba mini: da na gama kakar a kan wannan tafiyar, hamsin da huɗu zan yi. Ban faɗa don wani abu ba. Na faɗa ne kawai.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne hoto na biyu. Akwatin gilashi ne, gora a ciki, da takarda a gefenta: "Gorar da Merle Sedlacek ya kafa tarihi da ita." Na sa gilashin ƙara girma. A gindin gorar akwai L.V., Leland Vondra, haruffan da na ƙona da ƙusa mai zafi da hannuna. Ita ce gorar da na kwashe lokacin sanyin 1954 gaba ɗaya ina gogawa a jikin ƙashin cinyar saniyar da mahauci ya ba ni, har itacen ya matse, ya yi ƙyalli, kana iya gyara gashinka a jikinsa. Kai a lokacin kana wurin rawa kana taka ƙafafun Ardith.

Ranar da na karye, sha ɗaya gare ka. Bayan gorata ta shiga hannunka ka ƙara arba'in. Ban zargi kowa ba. Abin da nake so ƙarami ne: a gyara takardar nan, a sa sunan mai sanda.

Ina taya ka murna, ba shakka.

Naka,
Leland

*

Tilford, Nebraska
20 ga Mayu, 1985

Farfesa,

Na ga wasiƙarka. Shekara talatin katin Kirsimeti kake aiko mini mai layi biyu, yau ga shafi uku. Da na san sanda ce za ta buɗe bakinka da tuni na kai ta laburare.

Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ita ke faɗa mini za a yi ruwa kafin rediyo. Ardith ta ce ka daina cin abincin gwangwani, gishirinka a can yake. Ta ce kuma idan ka zo za ta yi maka kolace, burodin nan nata mai zaƙi da tuffa a ciki, wanda kake ci har ka kasa ɗaure takalmi.

Maganar fili ni ma kunya take ba ni. Sun ce sai na sa kwat. Sun ce kuma in yi jawabi, na ce musu ina da ɗan'uwa a Minnesota wanda magana ce sana'arsa, shi zai yi. To ka ji. Kai za ka tsaya ka yi maganar ranar 14, na riga na ba da sunanka. Ka faɗi abin da kake so, amma kada ka wuce minti goma, akwai tsofaffi kuma rana za ta yi.

Ka tuna Barragan? Ya rasu bara a Texas. Whitsett yana nan, fasto ne yanzu, ya ce zai zo. Na tuna ranar da ya buga wata ta faɗa cikin motar masara tana tafiya, muka ce sai an auna ta daga Kansas.

Gora kuwa taka ce, wa ya ce ba taka ba ce? Ban ga takardar da suka rubuta ba. Ban shiga laburaren nan ba tun ranar da aka kore mu ni da kai saboda dariya. A bakin ƙofa na miƙa wa matar da ke kula da laburaren.

Ranar 1 ga wata za mu ɗauki injinan girbi mu gangara Oklahoma. Alkama ta nuna da wuri bana. Daga can sai mu bi ta zuwa arewa kamar kullum.

Ka zo dai.

Merle

*

Duluth
27 ga Mayu, 1985

Bajimi,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin cewa gwiwarka ta samu aikin yi. Ka gode wa Ardith, ka ce mata gwangwanin da nake ci bai taɓa yi mini gori ba. Allah ya ji ƙan Barragan. Shi kam da gorarsa ya yi nasa.

Bari in ga ko na fahimce ka. Ni zan tuƙa mota mil ɗari shida, in sa kwat, in tsaya cikin rana a gaban mutanen da suka manta na taɓa riƙe gora, in faɗa musu irin ƙarfin da Allah ya ba ka. A tarihin da nake koyarwa, sarakunan Rum in sun ci yaƙi sukan ɗaure sarkin da suka kayar su zagaya gari da shi a bayan keken doki. Amma ko su ba su taɓa sa shi ya yi jawabi ba.

"Gora kuwa taka ce." Layi ɗaya, tsakanin motar masara da injin girbi. Na karanta shi sau da yawa. Haka mutum yake cewa in an tuna masa da laimar da ya ara.

Ina da wani hoton a nan, na watan Agustan 1955, wanda Mama ta yanko ta aiko mini lokacin ina kwaleji. Kana tsaye gefen fili kana jiran layinka, rungume da gorori uku kamar mai ɗauko itacen girki. Ta tsakiya tawa ce. Mama ta rubuta a baya: "Dubi ɗan'uwanka." Na duba, Mama. Shekara talatin ina dubawa.

Kada ka ɗauka ina ƙyashin filin ne. Fili ne mai rami a ɓangaren dama, kuma in iskar kudu ta taso ko kaza ta buga ƙwallo sai ta tsallake. Ba na ƙyashin kwat ɗin, ko hotonka da ke rataye a shagon aski, ko yadda har yau in na ce daga Tilford nake sai wani tsoho ya ce, "A'a, garin Merle Sedlacek!" Na rubuta littafi guda a kan tarihin jiragen ruwan babban tafkin da ke nan Duluth, Merle. Mutum ɗari uku suka saya, kuma ina zargin ashirin daga ciki Mama ce. Ba wanda ya taɓa ce mini "garin Leland Vondra." Duk wannan bai dame ni ba.

Abu ɗaya nake nema. Ka rubuta da hannunka cewa da gorata ka yi arba'in ɗin nan, kuma ni na gyara ta. A manna a jikin gilashin. In ka yi haka zan zo, zan yi jawabin, har in sa tsofaffin kuka.

Naka,
Leland

*

Oklahoma
9 ga Yuni

Farfesa, muna lafiya. Zafi kamar murhu. Ardith ta karanta mini wasiƙarka ta waya, rabinta ban gane ba, musamman sarakunan. Ba zan iya rubuta abin da ka ce ba. In mun haɗu zan faɗa maka dalili. Wannan hoton da ke jikin katin wani babban rumbun alkama ne.

M.

*

Duluth
24 ga Yuni, 1985

Merle,

Ina fata kana lafiya, kai da injinanka. Ni an rufe makaranta, ina zaune da littattafai da abinci marar gishiri. Na gode da hoton rumbun. Na jingina shi a kan tebur, ina kallonsa duk lokacin da nake son tuna yadda amsarka take: ƙato, a rufe, ba taga.

"Ba zan iya ba." Mutumin da ke ɗaga bayan mota da hannu a canja taya ba zai iya ɗaga alƙalami ya rubuta layi biyu ba. Na gane. Tsoro kake kada a ce hamsin da ɗayan na mutum biyu ne. To na mutum biyu ne. Kai ka kawo kafaɗu, ni na kawo itace, kuma kafaɗun nan suna nan tun Afrilu amma sha ɗaya kawai suka iya.

Ba na son sai mun haɗu. In mun haɗu za ka rungume ni har haƙarƙarina ya yi ƙara, Ardith ta cika mini baki da kolace, maganar ta mutu. Na san gidanku.

Na rubuta wata 'yar wasiƙa zuwa ga editan jaridar gida. Tana cikin aljihun tebur. In ƙarshen Yuli ya zo ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka ka zaɓi mutanen Tilford su ji daga bakina.

Leland

*

Duluth
5 ga Agusta, 1985

Merle,

Gaisuwa. Ina ɗauka kana lafiya, tunda jarida ba ta ce ka mutu ba, kuma ita ba ta kuskure a wannan fannin.

Mako shida ke nan. Kullum ina jin ƙarar akwatin wasiƙa in sauko, in tarar da tallar kayan ɗaki. Na ba ka uzuri iri-iri. Na ce ko ruwa ya tsare ku, na ce ko hannunka ya shiga inji. A ƙarshe na gane cewa wanda ake shirin sa wa fili sunansa ba ya amsa wa mai sha tara.

Na aika wa edita wasiƙar nan. Ta fita ranar Alhamis. Ban zage ka ba, kada a ƙara maka gishiri, ko da yake kai ba a hana ka ba. Na faɗi abin da ya faru ne bi da bi: ɗan'uwa ya kwanta a asibiti, ɗan'uwa ya ɗauki gorarsa, ya yi suna da ita, ya riƙe ta shekara talatin, sannan ya ba da ita kyauta da sunansa a jiki. Na tambayi mutanen gari ko wannan ne darasin da suke son rubutawa a ƙofar filinsu. Akwai wata jimla a sakin layi na uku da nake ganin ta fi duk abin da ke cikin littafina kyau.

Na zaci zan ji sanyi a raina. Ban ji ba tukuna. Wataƙila sai jaridar ta iso.

Leland

*

Tilford
19 ga Agusta, 1985

Leland,

Ni ce Ardith. Ina gaishe ka don an koya mini gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Muna lafiya. Ina fata kai ma, don ina so ka ji wannan da ƙarfinka.

Wasiƙunka biyu suna kan firiji a rufe. Waccan ta Mayu shi ya ce in buɗe. Waɗannan bai ce ba, ni kuma ba na buɗe wasiƙar mutum. Kai da ka tashi a garin nan ka manta yadda girbi yake? Tun Yuni mijina bai kwana gida ba. Yau yana wannan gona, gobe yana mil ɗari gaba, wayar ma sai ran Lahadi in sun samu gari. Ka zauna a Duluth kana ƙirga masa kwanaki kamar yana ofis.

Jarida ta buga wasiƙarka a shafi na biyu, da babban kanu. Yanzu ba a maganar komai a shagon kofi na Dottie sai ita. Ran Lahadi bayan coci wata ta tare ni ta ce, "Ardith, ashe sandar aro ce?" Na ce mata hular da ke kanta ma na san mai ita. Amma ba kowa zan iya yi wa haka ba. Majalisar gari za ta zauna ranar 3 ga Satumba da ƙarfe biyar, su duba ko a ɗage bikin "har a gano gaskiya." Ka san abin da ɗagewa take nufi a Tilford. An ɗage gyaran gadar kogi tun ina budurwa.

Jiya Merle ya kira, na karanta masa ta jaridar. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ya iya rubutu dai, ko?" Na ce, "Merle, ɓarawo fa ya kira ka." Ya ce, "Na ji. Amma dubi yadda ya jera shi."

Mutumin nan bai taɓa samun komai da sunansa a jiki ba sai motar aiki. Ya sayi kwat, Leland. Ya gwada shi sau uku kafin ya tafi, yana tambayata ko ya yi kama da kai.

Littafinka na jiragen ruwa kuma, ba Mamarka ce ta sayi ashirin ba. Goma ta saya. Sauran suna cikin kabad ɗinmu, yana raba wa mutane duk Kirsimeti ko suna so ko ba sa so.

Ardith

*

Dakota ta Arewa
25 ga Agusta, 1985

Farfesa,

Ruwa ya tsayar da mu tun safe, gwiwa ta faɗa tun jiya. Ina zaune cikin mota da takardar da na roƙa a gidan mai. Lafiyata ƙalau. Ina fata kai ma. Wannan ita ce wasiƙa mafi tsawo da zan rubuta a rayuwata, don haka ka adana.

Na so in faɗa maka baki da baki don na san ba zai yi maka daɗi ba. To ka sa ni dole.

Ban taɓa buga ƙwallo da gorarka ba. Ko sau ɗaya. Nauyinta oza talatin da uku ne, Leland. Ni da mai oza arba'in nake bugu. Taka a hannuna kamar muciya take. A shekarar nan gora ashirin da uku na karya, da taka na yi amfani da ba ta kai Lahadi ba.

Ka manta abin da ka ce a mota ana kai ka asibiti? Ka ce, "Riƙe mini ita, kada kowa ya taɓa, mako shida zan dawo." Na riƙe. In na bar ta a ma'ajiya wani zai ɗauka, kowa yana sonta. Shi ya sa duk lokacin da zan fita jiran layina nake haɗa ta cikin ukun da nake juyawa don hannu ya saki. In layina ya zo sai in ajiye biyu in tafi da tawa. Taka kullum cikin waɗanda ake ajiyewa take. A hankali nake ajiye ta, kan ciyawa, har 'yan wasa suna yi mini dariya wai jaririyata.

Ka ce me ya sa sha ɗaya ta koma hamsin da ɗaya. Zafi ya shigo, iskar kudu ta taso, wadda ka ce ko kaza tana taimaka. Sannan ina cikin fushi. Mako shida ya wuce, bakwai, takwas. Likita ya gaya wa Baba hannunka ya warke tun ƙarshen Yuli. Kullum ina duba ƙofar ɗakin canja kaya. Sai muka ji ka tafi kwaleji, ko sallama babu. Duk ƙwallon da aka jefo mini fuskarka nake gani.

Kuma tunda lissafi kake so, ga nawa. Ni nake bugu na uku, kai na huɗu a bayana. Kana nan ba mai jifan da ya isa ya kauce mini, don in ya ba ni hanya kai zai tarar. Da ka tafi sai suka sa wani mai suna Purdy a bayana, wanda ko ƙofar rumbu aka jefo ba zai same ta ba. Daga Agusta sai su jefa huɗu can nesa da gangan don kada in samu bugu, doka ta sa in taka zuwa zangon farko kamar mai zuwa kasuwa. Sau sittin da wani abu suka yi mini haka. Ka tambayi malamin lissafinku nawa ka ci mini.

Shekarar da ta biyo aka ɗaga ni gasa ta sama, na tarar da masu jefa ƙwallo mai lanƙwasa, kafin masara ta yi bunni na dawo gona. Kakar nan ɗaya ce gare ni, Leland. Kai kana da littafi da ɗalibai da sarakunan Rum. Ni wata huɗu ne da ni a duniya, su ma ka ce rabi naka ne.

Da matar laburare ta ce in kawo wani abu na shekarar, gorarka kaɗai ta rage. Na ce mata, "Wannan ta kakar 55 ce." Ban ce tawa ba ce, ban ce ba tawa ba ce. Nan ne laifina, na yarda.

Ba sai ka gaskata ni ba. Kai bahago ne, ni da dama nake bugu, kuma dukanmu tambarin da ke jikin gora yana kallon sama muke riƙewa kamar yadda Kawu Vaclav ya koya mana da bulala. Ka san gefen da ƙwallo take cin gorar bahago, ka san na mai dama. Ka je ka ce matar ta buɗe gilashin. Ka juya ta.

Ruwa ya tsagaita. Za mu gwada.

Merle

*

Shagon Dottie, Tilford
3 ga Satumba, 1985

Merle,

Ina gaishe ka. Ardith ta ce jibi za ku iso, shi ya sa zan bar wannan a kan firiji, saman sauran. Ta buɗe mini ƙofa, ta ba ni kofi, ba ta ba ni kolace ba ko da yake ina ganinsu a kan tebur. Lafiyata ƙalau, in ban da baya, mil ɗari shida ba wasa ba.

Ƙarfe goma na shiga laburare. Matar ta gane ni tun kafin in faɗi sunana, ta ce, "Kai ne mai wasiƙar." Ta buɗe gilashin ta tsaya a kaina kamar zan gudu da ita.

Ta fi yadda nake tunawa sauƙi. Na riƙe ta tambari sama. Gefena duk tabon ɗinkin ƙwallo ne, har na gane na ranar da na buga biyu a wasa ɗaya. Sai na juya. Ɗaya gefen, na mai dama, yana nan yadda ƙashin saniya ya bar shi. Na ga fuskata a ciki, kuma ba ta yi mini kyau ba.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na tsaya nan na ɗaukaka ƙara a raina: wataƙila ya juya tambarin ƙasa ya yi bugu da gefena. Sai na tuna yadda kake ɗaga gora gaban hancinka kafin kowane jifa kana duba tambarin, muna cewa shi ne kaɗai karatun da kake yi. Ƙarar ta faɗi.

Hannun ya warke ranar 25 ga Yuli, gaskiya ne. Na haɗa jakata. Sai na ji a rediyo ka buga na talatin, na ji yadda filin ya ɗauka, na mayar da jakar ƙarƙashin gado. Ban iya dawowa in tsaya a bayanka da sha tarata ba. Wannan ban taɓa gaya wa malamin lissafi ba.

Yanzu huɗu da rabi. Mutanen shagon nan sun daina magana tun da na shigo, Dottie kuma ta ajiye mini kofi da ƙarfin da ya fi buƙata. In an jima zan tsallaka titi in shiga majalisa in faɗa musu da bakina, gobe kuma in kai wa edita. Jawabin ranar 14 kuwa, in ka ba wa Whitsett ba zan ce komai ba. In har yanzu nawa ne, minti tara ne, na auna.

Har yanzu ina ganin da na yi hamsin da huɗu. Wannan ka bar mini shi, ba ya cin komai.

Amma cikin hamsin da ɗayan nan babu ko guda nawa. Na yi kuskure, Merle.

Leland